Irin Inna

…kuma sau uku na faɗa masa, tun kafin ruwan shuka ya sauka. Halliru, ɗan ƙanena, mai riƙe mini gona: ka gauraya irin da magani kafin ka sa shi a ƙasa. Shekara talatin da biyu ina koyarwa a Karaye, ban taɓa maimaita wa ɗalibi magana sau uku ba. Ga ni yau tsaye a tsakiyar dawata, ina murza zangarniya, baƙin gari yana zuba a tafin hannuna. Burtuntuna, cutar dawa. Wannan ma. Da waccan…

Irin Inna ne fa. Farfarar da mahaifiyata ta zo da ita daga Beli a ƙulle a bakin zane, ba ta taɓa yankewa a gidanmu ba. Me zan zaɓa bana in rataye?

"Wallahi, Gwaggo, na gauraya, har hannuna ya yi ja." Wa ya nemi rantsuwarsa? Aiki na nema. Na riga na aika wa ubansa su zo bayan la'asar, a gabansa zan karɓe gonar. Sakaci ba shi da wani suna.

To amma kaurar da ke gabas, me ya sa ta fito tas? Gona ɗaya, hannu ɗaya, rana ɗaya aka shuka…

Safiyar shukar. Ni ce a madafa, na sa an sauko da damin farfarar daga inda yake rataye, ya sha hayaƙin shekara. Na sussuke shi da kaina. Halliru ya miƙo ƙullin magani, na ture hannunsa. Wannan ba irin kasuwa ba ne, hayaƙi ya ishe shi, haka Inna take yi. Na faɗi haka? Da bakina?

Hayaƙi ƙwari yake kora, Hajjo, na ce wa kaina. Ƙwari kawai. Ke kika koya wa 'yan aji shida, da alli, a kan allo.

Kuma bai tuna mini ba. Ina ta faɗa, ya sunkuyar da kai, ya bar ni.

Kwano guda na ba Adawiyya maƙwabciyata daga irin nan, na ce ta shuka ba fargaba… Wace ce waccan a kan hanya, riƙe da zangarniya? Tafiyarta ce.

La'asar ta kusa. Hannun nan kuwa, na goge, na goge, baƙin ya ƙi fita.