Tsiron Gindin Bango

"Ɗaga tef ɗin, Tela. Kana cutar sa rabin inci."

Tela ya ɗaga. Yana tsugune a gindin bangon tsakar gida, inda wani tsiro ya fito daga tsagar siminti. Maƙwabcinsa Baba Mita yana kan kujerar roba da bargo a gwiwa, yana ba da umarni.

"Goma sha ɗaya, Baba."

"Jiya goma da rabi ne. Ka ga, akwai mai ci gaba a gidan nan."

Shekara talatin Baba ya yi yana karanta mitar ruwa, ya yi ritaya daidai lokacin da famfon ma ya yi tasa. Tun da aka rufe masaƙa babu mai ɗinka sabon kaya a layin, aikin Tela ya koma rage wanduna. Na Baba sau uku ya rage shi cikin wata biyu, bai taɓa faɗa masa inci nawa ya cire ba. Shi ma bai tambaya ba. Tsiro kawai suke aunawa.

Baba ya ce tumatir ne. Tela ya ce barkono. A cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe fartanya, kuma duk manomin da ya leƙo zai raba gardamar da kallo ɗaya, amma Baba ya hana a tambaya.

"In aka gaya mana, me za mu yi da safe? Bari ya yi fure, ya faɗa da bakinsa."

'Yarsa ta fito da magani da kofin ruwa. Ya haɗiye ƙwayar da kurɓi ɗaya, ya miƙa wa Tela sauran ruwan ya zuba wa tsiron.

"Baba, likita cewa ya yi ka shanye!"

"Ai maƙwabci ma yana da haƙƙi."

Mai gidan da suke haya, wanda ya shekara tara bai canza ko ƙusa ba, a wannan makon ya tuna da tsagar. Ya aiko cewa magini zai zo ranar Asabar ya shafe ta.

"Ka roƙar mana sati biyu," in ji Baba. "Ga ƙullin fure nan ya fara."

Tela ya ce to. Shi dai ya san awon wandon.

Ranar Alhamis da safe ya fito da tef a wuya, ya tarar da kujerar babu kowa, bargon a ninke. 'Yar tana tsaye a bakin ƙofa. Ta dubi tef ɗin, ta girgiza kai. Baba ya rasu cikin dare.

Ranar Asabar magini ya zo kan lokaci, abin da ba a san magina da shi ba. Ya kwaɓa siminti, ya sunkuya, sai ya yi dariya.

"Wa ke ba wannan ruwa? Ai wannan ba komai ba ne illa…"

"Malam, kar ka faɗa," in ji Tela.

"Ba ka so ka sani?"

"Zan sani. Ka dai kewaye shi."

"Mai gida cewa ya yi a shafe duka."

"Mai gida bai taɓa sunkuyawa ya duba komai ba."

Magini ya dubi kujerar robar, ya dubi Tela, ya ɗauki cokalin gininsa. Ya shafe tsagar tun daga sama, ya bar fili kamar tafin hannu a ƙasa.

Bayan ya tafi, Tela ya tsuguna ya miƙa tef, ya ɗaga shi kaɗan yadda ake so. Goma sha uku. Ƙullin furen bai buɗe ba tukuna, simintin da ke kewaye da shi kuma yana ta bushewa.