Sadakin Nene

Ƙwarya na tsakanin gwiwoyinta, nono na sauka a ciki yana kumfa, sai Nene ta ga inuwa ta rufe ta. Ko ba ta ɗaga kai ba ta san mai ita. Bobbo ne, yayan marigayi mijinta Hammawa, mutumin da tun da aka kawo ta wannan rugar ta bayan Fadan Kagoma ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kai loma baki yana kallo ba.

"Daga gobe matana ne za su riƙa tatsa," in ji shi. "Takabarki ta ƙare. Shanun Hammawa sun koma garkena. Ke da Azumi za a riƙa ɗibar muku."

Nene ta ci gaba da kallon ƙwarya, ta ce:

"Baffa, wannan da nake tatsa jikar Fure ce."

"Wace Fure?"

Wace Fure! Kamar ba shi ne ya riƙe igiyar karsanar ba ranar da aka ɗaura aure, aka ce ga sadakin Nene. Fure ta yi albarka irin wadda ake kwatance da ita. Ta haifi mata, matan suka haifi mata, har kafin tsufa ya ɗauke ta kusan rabin garken Hammawa jininta ne. Yaro ma a rugar nan in ka tashe shi daga barci zai nuna maka su. Amma dattawan da suka shaida auren duk ƙasa ta rufe musu ido, masu rai kuwa Bobbo suke kallo kafin su yi tari.

Ya juya abinsa. Nene ta bi Azumi da ido, 'yarta ɗaya tilo da ta rayu, tana kwance maruƙa daga igiyar dangwali. Ranta ya yi baƙi ƙirin. Ta san yadda ake ɗibar wa marayu: yau a cika, gobe a rage, jibi a ce saniya ta ƙafe.

* * *

Afiniki ce ta hura wutar. Manomiya ce a Kagoma, Kirista, wadda suka shekara suna musayar kindirmo da dawa har zumunci ya ƙullu. Ta saurari Nene tana ɓare citta, sannan ta jefar da wuƙar.

"Kai Nene, ka cika tsoro. Ni da mijina ya mutu, 'yan'uwansa ya kwashe gona duka, ban samu wurin kai kuka ba. Amma ku, na ji a kasuwa, littafinku ya ce mace yana da rabonsa. To mene ne ka zauna? Je Kafanchan wurin alƙali."

"In kai yayan mijina ƙara? Matar Ardo ta ce duk macen da ta yi haka ta yanke igiyarta da dangi."

"Dangi ɗin zai ba Azumi nono?"

Nene ta yi kwanaki tana juya maganar. Ita dai ta san salla, ta san azumi, ta san a yanka rago ranar suna. Ba wanda ya taɓa gaya mata addinin da take bi yana da abin cewa game da saniya. Ranar da matar Bobbo ta miƙo wa Azumi nonon da ruwa ya fi yawa a ciki, ranar ta ɗaura zane ta kama hanya.

Kafanchan ta cika mata ido. Jirgin ƙasa ya yi kuka har sai da ta dafe ƙirji, ga gidaje masu kwanon rufi, ga mutane kowa da yarensa, ba mai tambayar wani daga wace ruga ya fito. Ta shigar da ƙara, aka aika wa Bobbo sammaci, aka sa rana.

* * *

Ta zaci za ta ga ƙaton mutum mai tsawa. Sai ta tarar da wani ɗan tsamurmurin tsoho a kan buzu, rawaninsa ya fi kansa girma, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai jin tausayin iska. Bobbo ya zo da Ardo da wasu dattawa, suka jeru a gefe guda. Ita kaɗai ce a nata gefen, sai Afiniki da ta tsaya a bakin taga.

Alƙali ya saurari kowa har ƙarshe. Sannan ya dubi Nene.

"Baiwar Allah, sadaki na mace ne. Ba na miji ba ne, ba na ubanta ba ne, balle yayan miji. In saniya ce, duk abin da ta haifa ya bi ta. Sai an fitar da shi gefe kafin a taɓa gado. A cikin gadon ma kina da tumunin takaba, ɗaya bisa takwas, 'yarki tana da rabi."

Tsigar jikin Nene ta tashi. Ashe tun kafin a haifi kakan kakanta an riga an yi tunanin mace irinta, mai tatsa a gindin dutse, an ajiye mata nata! Ta ji kamar wani ya kira ta da sunanta daga nesa mai nisa.

"To amma," in ji alƙali, "ya ce ba a ba ki saniya ba. Kina da shaidu?"

Ta waiwaya wajen dattawan. Ardo ya shiga gyaran carbinsa. Sauran suka ga wani abin kallo a rufin ɗaki.

"Allah ya gafarta malam, sun mutu."

"Shi ke nan. Mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa kuma ya rantse. Bobbo, ka yi alwala."

Bobbo ya miƙe da ƙarfinsa, har da ɗan murmushi. Amma da ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa, aka sauko da Alƙur'ani daga inda yake rataye, aka zare shi daga gafaka, sai kowa ya zuba masa ido. Tsohon rubutun hannu ne, gefen takardunsa ya yi ja don tsufa. Ko 'yan kallon da ke bakin ƙofa, Musulmi da Kirista, sun daina motsi.

"Ka fuskanci gabas," in ji alƙali. "Kafin ka ɗora hannu, ka sani ni mutum ne, abin da na ji da shi nake hukunci. In ka rantse shanu naka ne, ba mai sake tayar maka da magana a duniya. Amma Wanda za ka ambata yana wurin ranar da aka ɗaura auren."

Bobbo ya miƙa hannu. Nene na kallon yatsunsa, waɗanda ke kayar da bijimi su kaɗai. Suka tsaya saura ƙiris su taɓa. Gumi ya haɗu da ruwan alwala. Can sai ya janye hannun ya cusa a hammata.

"Ba zan iya ba."

Rantsuwa ta dawo kan Nene. Ta yi alwala, ta zo ta durƙusa. Ba ta taɓa kusantar Littafin haka ba. Ta ɗora tafinta, ta ji sanyin takarda, ta faɗi abin da ta sani da sunan Allah, hawaye na zuba. Ba kukan shanu take yi ba, kwarjini ne ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

Alƙali ya yanke hukunci, ya ce jibi masinjan kotu, Arzika, zai raka ta a ware mata dukiyarta. Bobbo da dattawa suka fice ba wanda ya dube ta. Ita kuwa ta zauna a Kafanchan tana jiran jibin.

* * *

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da ita da Arzika suka hau tudun da ke kallon ruga. Tun daga nan ta ga babu hayaƙi.

Sun tashi. Bukkokin sun zama ƙwarangwal, an kwashe tabarmi da ƙore, murafu sun huce. Tata kaɗai ce a tsaye. A gabanta kuwa shanu ne farare fat, jinin Fure kaf, da na gado a gefe. Arzika ya zagaya su ya dawo yana girgiza kai.

"Ikon Allah! Ko ɗan maraƙi bai rage ba."

A tsakiyarsu Azumi ce tsaye, leɓɓanta sun bushe, tana riƙe da sandar kiwon da ta fi ta tsawo.

"Inna, jiya da safe suka tafi."

"Ina suka nufa?"

"Ba su faɗa ba. Baffa ya ce in gaya miki, tunda alƙali kika zaɓa, alƙali ya yi miki kiwo."

Nene ta dubi gabas, ta dubi yamma. Sawun garke ya miƙe ya shige daji, ba wanda ya waiwayo. Shanun suka fara kuka, hantsarsu ta cika tun jiya ba a taɓa ba. Ta shiga bukka ta ɗauko ƙwarya, ta tsuguna gindin ta farko. Masu jiran tatsa sun fi ƙarfin hannu biyu, amma ta fara.