Yatsan Baba Mita

Na'urar ta sake kawo jar wuta.

"Baba, ɗan danna sosai," in ji ma'aikaciyar da ke bayan kanta a ofishin inshorar lafiya na asibitin ido. "Ka kwantar da yatsan gaba ɗaya."

"Na kwantar, 'yata. Yatsan ne ya yi ritaya ya riga ni."

Mutanen da ke kan layi suka yi dariya, amma Direba bai yi ba. Yana tsaye a bayan tsohon, hannunsa na dama a ƙarƙashin hammatarsa, wanda ya gani sai ya ce ladabi ne na maƙwabci. Gaskiyar magana, da zai janye hannun nan, Baba Mita zubewa zai yi kamar rigar da ta faɗo daga igiyar shanya. Yana jin haƙarƙarin tsohon na hawa da sauka ta cikin tufa, yana kuma jin wani ɗan kurari a ƙirjinsa duk lokacin da ya ja iska.

Can baya kaɗan, a kan benci, Inna matar Baba Mita tana zaune da 'yar jakarta a cinya, ta karkato kai wajensu. Shekarun da yanar ido ta rufe mata idanu biyu sun bar mata kunne irin wanda ba a fatan a yi gulma kusa da shi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Direba da nasu. Tun yana yaron mota ya san tsohon yana bin gida-gida da littafin hukumar ruwa, yana durƙusawa ya share ƙura daga gilashin mita, har sunan ya bi shi. Da ya ajiye aiki aka ba shi katin lafiya na 'yan fansho, sunan Inna a ƙarƙashin nasa. Dokar katin kuwa Baba Mita ya haddace ta kamar karatun yara: ba a yi wa mata babban aiki sai mai katin ya zo da ƙafarsa ranar aikin ya dangwala yatsa, a tabbatar yana raye. Ranar da ya cika, ranar sunanta ke faɗuwa. Sun daɗe suna jiran layi ya zo kansu, har Inna ta fara cewa sai dai a yi mata aikin a lahira, sannan aka ba su wannan rana.

Makon da ya wuce Direba ya kai shi ƙaramin asibitin da katinsa ke rajista, a wancan ƙarshen gari. Likita ya danna masa ƙauri da yatsa, ramin ya zauna bai ciko ba. Ya saurari ƙirjinsa, ya ce zuciya ce, a ba shi gado yanzu-yanzu.

"In na kwanta, za ku sake ni ranar aikin matata?"

"Baba, a yadda kake, ko banɗaki ba zan bari ka je kai kaɗai ba."

"To na'urar fa, ana iya kawo ta bakin gado?"

Likita ya ce wannan ba a hannunsa yake ba. Baba Mita ya ɗauki hularsa ya ɗora a kai. A mota ya ce, "Direba, abin da ka ji a ɗakin nan, can za ka bar shi. In ta ji, za ta ce a fasa, ka san ta."

Tun daga ranar Direba bai sake samun natsuwa ba. Yana jin tsohon ta katanga yana tara numfashi ya yi wa Inna magana da ƙarfi, ya tsokane ta, ya ce shayinta ya yi ruwa. Sannan ya lallaɓo ƙofar gidan Direba ya jingina da bango yana haki, baki buɗe. Sau da yawa Direba ya yi niyyar tona asirin. Haushi yake ji, da tsoro, da kuma kunyar tsohon.

Ma'aikaciyar ta goge gilashin na'urar da gefen mayafinta.

"Baba, gaskiya zan gaya maka. In ta sake ƙi, kullewa za ta yi. Sai an rubuta wa babban ofis sun buɗe, kuma ranar aikin ta wuce ke nan."

"Haba baiwar Allah!" Direba ya fashe. "Ga mutum a gabanki, ga hotonsa a kati. Sai inji ya ce yana da rai sannan za ki yarda?"

"Wallahi da idona ake aiki da tuni na sa hannu. Kwamfutar ce ba ta buɗewa."

Ta miƙo hannu ta kama yatsan tsohon don ta gyara masa, sai ta tsaya. Ta dubi farcensa da suka yi shuɗi-shuɗi, ta dubi fuskarsa.

"Baba, hannunka sanyi ƙalau. Ko dai..."

Baba Mita ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna benci da ido. Ma'aikaciyar ta haɗiye sauran maganar. Ta rage murya ta ce wa Direba, "Ɗumama masa. Ba ta karanta yatsa mai sanyi."

Direba ya kama babban yatsan ya murza tsakanin tafukansa, ya hura masa iskar baki, ya sake murzawa. Layi ya fara gunaguni. Wani ya ce in ba su shirya ba su ba mutane wuri, Direba ya juyo ya yi masa kallon da ya sa ya koma duba wayarsa. Tsohon ya shafa yatsan a gefen hancinsa don ya ɗan samu maiƙo, ya yi bisimilla, ya ɗora.

Na'urar ta ɗan ɗauki lokaci. Sannan ta kawo kore.

"Ka ga duniya," in ji Baba Mita da muryarsa ta gida, wadda yake ajiye wa Inna. "Na ƙare rayuwata ina karanta mita, yau ita ke karanta ni."

"In ka gama surutun, zo ka kai ni," in ji Inna daga benci.

Suka raka ta har barandar ɗakin tiyata, inda masu jiran aiki ke jere da ɗigon magani a ido. Baba Mita ya ce zai je mota ya miƙe ƙafa, bencin nan ba na masu shekaru ba ne.

"Je ka," ta ce. "Amma ka sani, Malam, in na buɗe ido na tarar ka tsufa, gidanmu zan koma."

"To ki fara ɗaure kaya tun yanzu."

Ta lalubo hannun rigarsa ta riƙe, ta ɗan jima kafin ta saki.

Da suka sha kwana Direba ya ɗauke shi cak, don ƙafafun sun gama nasu. Tasin Direba na ƙarƙashin wata bishiya a ƙarshen filin ajiye motoci. Ya kwantar da kujerar gaba ya zaunar da shi.

"Baba, an gama. Ga ɗakin gaggawa can, bari in kira su."

"Sai ta shiga."

"Ai ka dangwala!"

"Na dangwala. In suka sa katina a kwamfutarsu, wani abu ya faru kafin a kira ta fa? Kai ka san abin da injin zai yi? Ni ban sani ba." Ya tsaya ya nemi iska. "Na yi wa gwamnati aiki, ɗan nan. Ba a ba takarda dama."

"Wallahi ba ka kyauta mini, Baba. Ni ka ɗora wa wannan."

"Na sani. Ka yi haƙuri. Sauke mini gilashi, ka je ka duba ko an kira ta."

Direba ya tafi da sauri. Ba a kira ta ba, akwai mutane a gabanta. Ya tsaya wajen mai shago a bakin ƙofa ya karɓi ruwa mai sanyi, ya dawo yana gudu-gudu.

Hular ta zame ta rufe wa tsohon gira ɗaya. Hannunsa na dama na kan cinya, babban yatsan a miƙe. Kurarin nan da Direba ya kwashe mako yana jin tsoronsa ya ɗauke, sai yanzu ya gane gara jin sa.

"Baba. Baba!"

Ya taɓa wuyansa, ya kara kunne a ƙirjinsa. Ya yi salati a hankali, ya shafe masa idanu, ya gyara hular. Ya ɗaga gilashin, ya sake saukewa, bai san wanne ya kamata ba. Ƙofar gaggawa na can a buɗe, nas biyu na hira a bakinta. In ya je yanzu, za su tambayi kati. In bai je ba, ya bar gawar dattijo a mota cikin rana kamar kayan da aka manta. Ya zauna a kujerarsa, ledar ruwan na ɗiga masa a wando.

Wata nas ta ƙwanƙwasa motar daga baya, ya zabura har kansa ya bugi rufi.

"Kai ne ka kawo tsohuwar nan mai koren mayafi? An kira ta, ta ce ba za ta shiga ba sai ta ji mijinta. Ka yi sauri, likita zai tsallake ta."

Ya fito ya tare mata taga da bayansa. "Ya samu barci. Mu je."

Inna na tsaye a bakin ƙofar, an sa mata rigar asibiti da hular roba, ta zama 'yar mitsitsiya a ciki. Tun kafin ya yi magana ta juyo.

"Takun mutum ɗaya nake ji. Ina Malam?"

"Yana mota, Inna. Barci ya ɗauke shi."

"Barci."

"Barci, Inna."

Ta miƙo hannu, ya ba ta nasa. Ta riƙe wuyan hannun. Nas ɗin na tsaye kusa da su da katin a hannu, tana duban agogon bango.

"Direba," in ji Inna ƙasa-ƙasa, "ido ne ba ni da shi. Mako guda ina kwana kusa da ƙirjin nan."

Ta cije leɓenta na ƙasa. Ta san dokar katin kamar yadda mijinta ya san ta, a gabanta ya yi ta bitarta.

"Mama, shiga ko a kira na gaba," in ji nas.

Inna ta saki hannun Direba. Ta ɗaga murya yadda nas za ta ji. "To kada ka tashe shi. Ya gaji, tun asuba yake tsaye." Ta juya ta lalubi ƙofar. "Mu je, 'yata."

Direba ya tsaya a barandar har wata nas ta fito, ya tambaye ta, ta ce an fara. Sannan ya nufi ɗakin gaggawa, kuma a hanya ne kukan ya ƙwace masa, ƙato da shi, mutane na kaucewa.

Da yamma aka kai Baba Mita makwancinsa, Inna na kwance a gadon asibiti da bandeji a fuska. Washegari aka cire. Direba ya ɗauko ta da 'yarsu da ta iso daga garin da take aure. Duk hanya kujerar gaba kawai Inna take kallo.

A gida, ɗakin ya cika da mata masu ta'aziyya. Inna ta zauna a bakin gado tana bin kayan ɗakin da ido, agogo, kwanukan da ke kan kabad, tsagar da ta fito a bango ba da saninta ba. Direba ya ajiye jakarta a bakin ƙofa zai juya, sai ta ce, "Miƙo mini rigar can ta jikin ƙusa."

Farar rigar Baba Mita ce ta zuwa karɓar fansho. Tun da idonta ya tafi, shi ke ɗinke abin da ya yage a gidan, yana cika baki cewa ya fi tela. Maɓallan duka da jan zare aka ɗaura su, ɗinkin aljihun ya tafi a karkace, shi ma ja.

"Na tambaye shi," in ji Inna. "Ya ce fari ne."

"Kawo in warware, Inna, in gyara," in ji 'yar.

"Bar shi."

Ta matsa kusa da taga, ta ɗaga rigar cikin haske, tana bin jan zaren da babban yatsanta, maɓalli bayan maɓalli.