Bashin da Aka Ɗauka Gaban Gawa

Mazan garin Gulma suna da wata al'ada mai kyau, idan ta faɗa hannun mai gaskiya. In an shimfiɗe gawa za a yi mata salla, liman ba ya tayar da kabbara sai ya juyo ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, kuma wa zai ɗauka. Ranar da mijina Mujtaba ya rasu, yayansa Abdussamadu ne ya fito daga sahu, ya dafa ƙirji, ya ce duk mai bin ƙanensa ko sisi ya zo gare shi.

Ni Riskuwa ban gani ba, don mata ba sa zuwa wurin. Ina ɗaki labarin ya iske ni, kowace mai gaisuwa da gishirin da take ƙara masa. Har kuka na yi don godiya. Shi ya sa da ya ce zai riƙe fadamar Mujtaba da injin ban ruwa, ya noma shinkafa ya biya bashin taki da na injin, na amince. Da sammaci ya zo daga Birnin Kebbi ina cikin takaba, shi ya karɓa a zaure, ya aiko a ce mini in kwantar da hankalina, maganar maza ce.

Na fita takaba, na koma makarantar firamaren da nake koyarwa a Argungu. Wata ya ƙare, albashi ya shigo, sai na ga rabi. Na goge fuskar wayar da gefen hijabi, kamar datti ne ya cinye sauran. Akantanmu ya ce umarnin kotu ne, za a riƙa cire rabin ana ba Alhaji Izzuddeen mai shagon kayan noma a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi har bashin ya ƙare. Mujtaba ba shi da asusun banki, ta nawa yake tura wa Alhajin abin da ya samu. Da wannan Alhaji ya shaida wa kotu cewa tare muke noman, ba kuma wanda ya je ya musa.

Rabin da ya rage ba ya kai ni da yara uku tsakiyar wata. Na tafi Gulma na iske Yaya Abdussamadu ƙarƙashin darbejiya, sabon babur a gefensa, masu wucewa suna gaishe shi da sunan da ya samu tun ranar jana'iza, wai Mai Zumunci.

"Yaya, an taɓa min albashi kan bashin da kaɗ ɗauka."

"Haƙuri za ki yi, Riskuwa. Shinkahwa ba ta yi ba bana."

"Ta yi babur dai."

Ya haɗe rai. "Ke da shi ai abu guda kuke. Ki biya ma mijinki, lada ta."

"To kai da kac ci yabo, ka ci ladar tare. Kotu za ni."

Ya yi dariya, ya ce in je in nemo namijin da zai tsaya wa mace a kan ɗan garinsu. A nan kam bai yi ƙarya ba. Na shigar da ƙorafi, aka sa rana, na bi gidajen waɗanda suka yi sallar jana'izar ina neman shaida. Maza cike da fili ranar nan, amma yanzu kowa sahun baya ya tsaya, kowa iska ta hana shi ji. Ban taɓa sanin Gulma tana da kurame haka ba.

Sai na aika a yi mini iso wurin liman, Malam Ni'imatullahi. Ya fara da nasiha, cewa tonon asiri ba kyau, kuma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na bar shi ya gama.

"Allah shi gafarta Malam, tambaya guda gare ni. In babu wanda yaɗ ɗauki bashin ga, bisa mi kay yi ma mijina salla? Kai kaƙ ƙi kabbara sai da anka amsa maka. In amsar ga wasa ta, to a gaya min, in san mijina na kwance da bashi ga wuya."

Malam ya ja carbinsa bai dube ni ba. Bai ce zai zo kotu ba, bai ce ba zai zo ba.

Ranar shari'a na shiga motar farko daga Argungu. Ba ni da lauya, abin da zan ba lauya shi aka riga aka cire. Alhaji Izzuddeen yana gaba da lauyansa, Yaya Abdussamadu kuma ya zo cikin babbar riga da 'yan rakiya, kamar ɗaurin aure aka gayyace shi.

Na gaya wa alƙali abu biyu. Sammaci bai taɓa hannuna ba, ina takaba. Bashin kuma ba ni na ci ba, akwai wanda ya ɗauke shi gaban jama'a, ya kuma riƙe gonar da za ta biya.

Lauyan ya miƙe yana murmushi. "Malama, da kunnenki kika ji ya ɗauka?"

"A'a. Ku kunka ce mata su zamna gida, na zamna. Yanzu kuma zaman nan za a kama ni da shi?"

Alƙali ya ce in amsa abin da aka tambaye ni kawai, ya tambaye ni ina mai ba ni shaida. Na waiwaya. Can bencin ƙarshe na hango farin rawani. Malam ya taso a hankali da sandarsa, ya faɗi abin da aka yi kamar mai karanta hadda. Ya ƙara da abin da ni ma ban sani ba: Alhaji Izzuddeen yana sahun farko ranar, shi ya fara miƙa wa Abdussamadu hannu yana cewa ya yarda. Sai na gane. Bin namiji mai bakin magana wuya gare shi, albashin gwauruwa kuwa da kansa yake zuwa duk wata.

Alƙali ya juya ga Yaya. "Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

'Yan rakiyarsa suka zuba masa ido, su da suka yi wata da watanni suna kiransa Mai Zumunci. In ya ce a'a, sunan ya tafi. In ya ce e, babur ya tafi. Ya share zufa da hannun riga.

"Na ɗauka."

"Ɗaga murya," in ji alƙali.

"Ranar jana'iza ai muryar ta kai sahun baya," na ce. Aka tsawata mini, na kuwa ji daɗin tsawar.

Alƙali ya soke umarnin, ya ce a mayar mini da abin da aka cire, Alhaji ya bi wanda ya ɗauki bashin. A bakin ƙofa Yaya ya tsaya kusa da ni, bai dube ni ba.

"Kin kunyata gidanmu. Kak ki sake taka shi."

"Gidan ku na, ku riƙe. Amma bashin Mujtaba ka biya shi da kaka, don ni kotun ga na gane hanyatta."

Da salla ta zo, ba wanda ya leƙo mu daga Gulma, ko ɗan aike. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, shekara goma sha ina kiran mutanen nan dangina. Na tuƙa tuwon shinkafa tukunya cike, na zauna ina kallon 'ya'yan Mujtaba suna ci har suka ture kwano da saura.