Har Kaka Ta Zo

Da kuɗin Manzo mai sayen gyaɗa Illa ya gina shagonsa a bakin kasuwar Madawa. Gaban Liman aka jinginar da shagon, a kan in bai biya ba Manzo ya karɓi makulli. Sai ga fara ta cinye geron shekarar, masu sayen gishiri da kananzir suka koma 'yan kallo. Illa ya je ya durƙusa yana marairaicewa. Shi ko Manzo tausayi bai cika damunsa ba, amma ran nan tausayin ya same shi a gida. Ya ce gaban shaidu, "Na ɗaga maka ƙahwa har kaka ta zo." Aka shafa fatiha.

Da damina ta zagayo aka yi girbi, rumbuna suka cika, Manzo ya iso shago da fara'arsa.

"Illa, kaka ta yi."

"Wace kaka? Ni tawa tana Tabotaki, ba ta taho ba."

Aka koma gun Liman. Ya daɗe yana shafa gemu, ya ce lalle ba a faɗi wace kaka ba. Ni dai na ga kan sukari ya shiga gidansa da safiyar, amma ban ce komai ba, yanzu ma ban ce ba.

Kakar nan Zali sunanta, ita ta goyi Illa bayan rasuwar uwarsa. Duk rani sai ta ɗaure kaya za ta zo ganinsa, sai ya aika mata cewa cutar agana ta cika gari, ko sojan Nasara na kama mutane, ta yi zamanta. Haka aka yi ta yi shekaru, Illa har da ƙara rumfa a gaban shago.

Da abin ya ishi Manzo, ya hau raƙumi ya tafi Tabotaki da kansa. Bai ɓoye wa tsohuwa komai ba. Ta ce a aza ta bisa raƙumin.

Ran kasuwa suka shigo. Illa ya hango su, ya watsar da mudu ya ruga ya riƙe akala.

"Kaka, don Allah kak ki sauka. In ƙahwarki ta taɓa ƙasa, shagon ga ya tahi."

Ta daɗe tana dubansa daga bisa. Wallahi ni da na fito kallon dariya, sai na ji tausayinta ya kama ni.

"Ni da nika kwana ina roƙon Allah shi tsare min kai daga agana," in ji ta. "Ashe ni ce aganar. Manzo, gurhwanar da shi."

Raƙumi ya gurfana, ta sauka da sandarta. Illa ya zare makulli daga wuya, ya miƙa wa Manzo. Sannan ya juyo zai gaishe ta. Ba ta ko dube shi ba, ta tambayi Manzo yaushe raƙumin zai koma.