Baƙar Waya

"Saki ƙarfen mu gani," na ce wa Muntaka. Ya saki. Injin ya ci gaba da ruri a tsakar gidan hayarmu na unguwar Mile 3, ni kuwa sai washe baki nake kamar na ƙera jirgi.

Muntaka maƙwabcina ne, shekara ashirin ƙofa na kallon ƙofa. Sana'arsa yankan ciyawa a gidajen masu hali, da injin turawa. A mariƙin injin akwai ƙarfen da sai ka matse yake aiki, kana saki ya mutu. Sanyi ya kama masa yatsu, ƙarfen ya riƙa kufce masa, ya yi ta jan igiya yana haki.

Ni aji huɗu na tsaya, amma ba na iya wuce abu ban leƙa cikinsa ba. Kwana biyu ina bin wata siririyar baƙar waya har na gano aikinta: in an saki ƙarfen, ita ke karkatar da wutar filogi zuwa jikin injin, ya yi shiru. Na zare ta, na jefa a gwangwanin tarkacena.

"Malam Sharfu, wanda ya sa ta fa ba mahaukaci ba ne."

"Ba shi da ciwon yatsu ne."

Ya yi dariya, ya ce daga yau sunana Injiniya.

Bayan sati uku, jiƙaƙƙiyar ciyawa ta toshe ƙasan injin. Janaretan masu gidan na ta ƙara, bai ji nasa ba. Ya saki ƙarfen yadda hannunsa ya saba, ya durƙusa, ya zura hannu, wuƙar injin na juyawa.

Yana da ciwon suga. Raunin ya ƙi warkewa.

Na je duba shi, matarsa Hajaratu na yi masa fifita. Ta ce, "Ni dai abin da ya ɗaure min kai, me ya hana injin mutuwa?"

"Tsufa ne, kamar mai shi," in ji Muntaka. "Ko ba haka ba, Injiniya?"

Na ce haka ne. Na kalli tabarma.

Ranar Talata bayan la'asar ya cika.

Washegarin sadakar uku ƙanensa Jabir ya zo ɗaukar injin, zai ci gaba da aikin. Ya kama igiyar. "Baba Sharfu, e still dey work?" ya tambaya da Turancin buroka, wai ko har yanzu yana aiki.

"Kar ka ja."

Na ɗauko gwangwanin. Hajaratu na bakin ƙofa, ta yi lulluɓi. Na durƙusa ina mayar da wayar.

"Hajaratu, ba tsufa ba ne. Ni na cire wannan."

"Na sani, Malam. Tun a asibiti ya gaya min. Ya ce in bar ka, kunya za ta yi maka yawa."

Na ja igiyar, injin ya tashi. Na saki ƙarfen, ya mutu. Sai ƙarar ruwan da ke ɗiga daga kwanon rufi cikin bokitin Muntaka.