Kwale-kwalen Baba Sahabi

Abin da na taso na tarar shi ne, idan jirgi mai inji ya hango mai kwale-kwale a kan ruwa, sai ya rage wuta. Ba wanda ya kafa wannan doka, haka kawai ake yi. Direba zai sassauta, ya ɗaga hannu ya ce sannu da aiki, mai filafili ya amsa, sai ya ba shi tazara kafin ya sake murɗa injinsa. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Igiyar ruwan da babban jirgi ke tayarwa in yana gudu tana iya kifar da ƙaramin kwale-kwale, ko ta tsinka wa mutum taru. To yau je ka gaya wa direbobin yanzu haka, ka ga irin kallon da za su yi maka.

Sunana Barakatu. Bandar kifi nake yi a tungarmu, nan bakin ruwa a ƙasar Ngaski, daidai inda jiragen da ke zuwa kasuwar Yauri suke karya kwana. Maigidana yana can fadama wajen albasarsa, ba ruwansa da kifi sai a miya. Wanda nake fama da shi mahaifina ne, Baba Sahabi. Ya tsufa, gashin kansa duk ya yi fari, amma kullum da safe sai ya tura kwale-kwalensa ya je ya duba tarun da ya shimfiɗa a gaban tunga. Abin da yake kamowa bai taka kara ya karya ba, karfasa ce 'yan ƙanana da tarwaɗa jefi-jefi. Ni dai karɓa nake yi da hannu biyu in yi ta yabawa, don tun rasuwar Inna ruwan nan ne kaɗai yake tayar da shi daga tabarma.

Yayana Haliru kuwa ma'aikaci ne a Yelwa, kuma shi a ganinsa abin kunya ne a ce ubansa yana tuƙa kwale-kwale a wannan shekarun. Ya gina masa ɗaki a gidansa, har da fanka da katifa mai tudu. Na san ɗakin. Lokacin da aka yi wa Baba aikin ido a can ya zauna, ya juya wa ƙofa baya, abinci sai an yi ta lallashi, ya rame kamar wanda ya yi jinyar shekara. Ni na je na dawo da shi, muka yi kaca-kaca da Yaya a tsakar gida a gaban matarsa. Da zai sallame mu ya nuna ni da yatsa ya ce, “Barakatu, kin yi nasara yau. Amma ranar da na ji Baba ya faɗa ruwa, ranar zan zo da mota in ɗauke shi, kuma ba na son in ji bakinki.”

Na ce na yarda. Na yarda ne don na san Baba, ruwa bai taɓa kayar da shi ba tun yana saurayi. Ban sa direbobin nan a lissafi ba.

Akwai wani jirgi mai shuɗin fenti, dogo, da ke ɗauko mutane daga ƙauyukan da ke ƙasa da mu duk ranar kasuwa. Direbansa wani matashi ne da ake kira Jamilu. Shi wannan ba ya ma bin tsakiyar ruwa, sai ya yanko ta gaban tungarmu don ya rage hanya, da gudu kamar ana korarsa. Wata safiya ina tsaye bakin murhun banda na ga ya wuce Baba, kwale-kwalen ya tashi sama ya dawo, ruwa ya shiga har rabi. Baba ya ɗaga masa hannu kamar yadda ya saba yi wa kowane jirgi. Jamilu ko juyowa bai yi ba. Na tsaya ina kallon tsoho yana kwashe ruwa da ƙoƙo, zuciyata tana tafasa, har kifina ya ƙone a kan ragar banda.

Kasuwar da ta biyo baya na ɗaura kayan bandata na shiga jirgi zuwa Yauri, da niyyar in sayar, in kuma nemi Jamilu mu yi magana ta hankali. Tun daga shiga jirgin raina ya soma ɓaci. Wata tsohuwa tana ƙoƙarin hawa da kwandon kuka a kai, wani gardi ya bangaje ta ya tsallake ya zauna a wurin da take nufi, ya kunna waƙa a wayarsa har ƙure. Na ce masa, “Ɗana, ba ka ga tsohuwa ba?” Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi ma kuɗinsa ya biya. Jirgi cike da manyan mutane, masu gemu da masu carbi, ba wanda ya ce uffan. Ni na matsa mata ta zauna a gefen cinyata.

A kwata na sami Jamilu zaune a bakin jirginsa, ya toshe kunnuwansa da abin jin waƙa, abokansa kewaye da shi suna shan rake suna tofar da ɓawon a inda mutane ke wucewa. Na yi sallama. Shiru. Na sake yi da ƙarfi. Sai ya zare na kunne ɗaya ya ce, “Mene ne?”

Wai mene ne. Na haɗiye, don ni na zo nema.

Na ce, “Ɗana, sannu da aiki. Alfarma na zo roƙo. Tsohon nan da kake wucewa a gaban tungarmu mahaifina ne. Don Allah in ka hango shi ka riƙa rage wuta kaɗan, kamar yadda aka saba.”

Ya ce, “Wa ya saba?”

Na ce, “Kowa. Duk wanda ya riƙe inji kafin ka.”

Ya yi wata 'yar dariya ya dubi abokansa. “Inna, in na tsaya gaishe-gaishe a kan ruwa, jirgin da ke bayana ya riga ni kwata. Ruwa na kowa ne. Tsoho ya zauna gida mana, me yake nema?”

Nan fa na manta da cewa alfarma na zo roƙo. Na ajiye kwandona na faɗa masa abin da ya kamata a ce an faɗa masa tun yana goye. Na ce ba tsoho yake rainawa ba, tarbiyyar gidansu yake tallatawa. Ina cikin magana sai na lura ɗaya daga cikin abokan ya ɗaga waya ya saita ni. Ya ce, “Ci gaba, Hajiya, muna ɗauka.” Suka kwashe da dariya. Jamilu ya mayar da abinsa kunne. Wallahi ban taɓa jin na zama abin banza ba kamar a wannan tsayuwar, da girmana, da 'ya'yana da suka girme su.

Wani dattijo mai sayar da igiya ya ce in kai ƙara wurin shugaban direbobin. Na same shi a rumfa yana cin gasasshen kifi da hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun. Ga benci babu kowa a kai, bai ce in zauna ba. Na yi bayanina a tsaye, yana taunawa yana amsa wa na cikin wayar. Da na gama ya ce, “Za mu duba,” ya tofar da ƙaya kusa da ƙafata. Na dawo gida da ciwon kai.

Ban gaya wa Baba inda na je ba. Na dai roƙe shi ya riƙa hutawa ranar kasuwa. Ya ce, “In na bar taru ya wuni cikin ruwa, kifin ruɓewa zai yi. Ki bar yaran nan, ƙuruciya ce. Wataƙila ba su gane ni ba ne daga nesa.” Haka yake, kullum sai ya nemo wa mutum uzuri. Ni kuwa na riga na ga idon Jamilu, na san ba rashin ganewa ba ne.

Ranar da abin ya faru, Christiana maƙwabciyata, wadda ke noman masara a bayan tunga, ta zo karɓar kifin miya. Muna tsaye muna hira sai muka ji ƙarar injin. Baba yana tsaye a cikin kwale-kwale, ya sunkuya yana jan taru da hannu biyu. Shuɗin jirgin ya yanko kusa da shi fiye da kullum. Na ga igiyar ruwan ta taho, na buɗe baki, kafin in yi kira kwale-kwalen ya kife.

Jirgin bai tsaya ba, ko sassautawa bai yi ba.

Ban san lokacin da muka tura kwale-kwalen maƙwabta ba, ni da Christiana, ita da filafili ni da wani guntun katako. Muka same shi ya rungume bayan kwale-kwalensa, taru ya naɗe masa ƙafa, hula ta tafi, ruwa ya zame masa wando har gwiwa. Christiana ta kawar da kai ta kwance gyalenta ta miƙo mini, na rufe shi kafin mu jawo shi. Bai ji ciwo ba sai ƙujewa a ƙauri. Ya yi tari, ya amayar da ruwa, abin da ya fara tambaya shi ne ko an ga filafilinsa.

Na bi gidajen tunga ɗaya bayan ɗaya ina roƙo kada maganar ta fita. Kowa ya ce ba za a ji daga bakinsa ba, kuma na yarda da su, don duk sun san sharaɗin Yaya. Na gasa wa Baba ƙafa, na dama masa kunu, maza suka jawo kwale-kwalen suka kife shi a gaɓa ya bushe. Har na soma cewa a raina mun tsira.

Washegari da la'asar sai ga mota ta tsaya a bayan rumfar bandata. Yaya Haliru ya fito, ko gaisuwata bai amsa da kyau ba, ya miƙo mini wayarsa. Ashe wani a cikin jirgin ya ɗauki komai da waya, ya watsa. Abokin aikinsa ne ya nuna masa a ofis yana dariya, bai san uban wa yake nunawa ba.

Na ce, “Yaya, ka saurare ni. Ba ruwa ne ya kayar da shi ba, mutum ne. Wannan ba ya cikin sharaɗinmu.”

Ya ce, “Na ce ba na son in ji bakinki.”

Na ce, “Sai ka ji shi. Ka kai shi ɗakin nan ka kashe shi da zama? Je ka nemi mai jirgin, kai da kake da manyan abokai.”

Muryarmu ce ta fito da Baba daga ɗaki, yana ɗingishi. Ya zauna a kan turmi, ya amsa gaisuwar Yaya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar ba abin da ke faruwa. Sannan ya miƙa hannu ya ce, “Mu gani.”

Na ce, “Baba, ba abin gani ba ne.”

Bai janye hannun ba. Yaya ya kunna ya ba shi.

Na tsaya a bayansa, dole na kalla. Ga shi nan yana jan taru, ga kwale-kwalen ya kife, ga shi yana fafutukar kama katako, wandon yana zamewa. Sai ihu da tafi. Wani yana cewa a dubi tsoho yana wanka. Daga nan mai ɗaukar ya juyo da wayar cikin jirgin don ya nuna masu dariyar, fuska bayan fuska, wata har tana share hawaye da bakin mayafi.

Baba ya matso da wayar kusa da idonsa. Ya ce wa Yaya ya mayar baya. Ya sake kallo, a hankali ya sa yatsa a kan gilashin.

“Wannan jikan Tanimu ne,” ya ce. “Ni na yi masa huɗuba. Wannan ta wajen Mariyamu ce, ɗiyarta ta biyu. Wancan mai jar hula, ubansa a kwale-kwalena ya koyi jefa taru.” Ya bi su yana kiran gidajensu, ni ma sai a lokacin na gane da yawansu. Mutanen ƙauyukan da ke ƙasa da mu ne, waɗanda muke zuwa sunansu da jana'izarsu.

Ya mayar wa Yaya wayarsa. Sannan ya ce, “Barakatu, haɗo mini kayana.”

Na durƙusa a gabansa. Na ce, “Baba, kada ka bar musu. Zan koma kwata, zan je gidajen iyayensu, zan riƙa shiga kwale-kwalen tare da kai. Tun yaushe ka fara tsoron ruwa?”

Ya girgiza kai. “Ba ruwa ba ne, ɗiyata. Da baƙi ne, da gobe da safe na koma. Amma waɗannan, in suka sake wucewa, hannu zai ɗaga da kansa in gaishe su. Ba ni so su gan ni ina yi.”

Na shiga ɗaki na haɗa masa kayan.